Tsadar Almajiranci: Abin da Dietrich Bonhoeffer Ya Koyar, da Abin da Ya Biya

Babu wani addini daga cikin addinan da suka yi suna a bayan ƙasa wanda bai gaya wa mabiyansa tun da wuri cewa imani yana da nauyi ba, kuma akwai ranar da za a nemi mutum ya fifita abin da ya gaskata a kan dukiyarsa da martabarsa da kwanciyar hankalin iyalinsa, wani lokaci har da ransa. Sai dai kuma da wuya a sami addinin da mabiyansa, idan zamani ya yi musu daɗi suka sami rinjaye da wadata, ba su koyi dabarar rage wa kansu wannan nauyi ba, har ya zama abin da ya saura a hannunsu shi ne suna, da al'ada, da taruwa ranar ibada. Kirista suna da tasu hanyar faɗin wannan mas'ala, suna ce mata tsadar almajiranci, watau abin da ya wajaba mutum ya rabu da shi idan da gaske yake yi wajen bin Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa ɗan Maryamu. A cikin ƙarnin da ya gabata, kaɗan ne suka warware wannan mas'ala a takarda sa'an nan suka tabbatar da ita a aikace kamar wani fasto Bajamushe mai suna Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a shekarar 1945, yana da shekara 39 a duniya.

Tushen maganar a cikin Linjila

Kafin a shiga labarin wannan bawan Allah, ya kamata mai karatu ya san inda maganar ta samo asali. Linjila ta ba da labari cewa Almasihu ya tarar da waɗansu masunta a bakin tekun Galili suna cikin sana'arsu, ya kira su, suka bar taru da jirgi, biyu daga cikinsu har da mahaifinsu, suka bi shi. Haka kuma ya tarar da Lawi zaune wurin karɓar haraji, ya kira shi, ya tashi ya bar aikin. Ta kuma ba da labarin wani mai dukiya da ya zo yana tambayar hanyar tsira, wanda ya kiyaye dokoki tun yana yaro, amma da aka nemi ya rabar da abin da ya mallaka ga matalauta, sai ya juya ya tafi da baƙin ciki. A Linjilar Markus, sura ta 8, an gindaya wa mai son bin Almasihu sharaɗi biyu, barin son zuciya da ɗaukar gicciye. Kuma waɗanda suka fara jin wannan magana sun fahimce ta sarai, domin a zamanin daular Rum gicciye shi ne hukuncin da ake yi wa bayi da 'yan tawaye, kuma wanda aka yanke wa shi ne ke saɓa itacen da kansa har wurin kisa, jama'a suna kallo. A Linjilar Luka kuma, sura ta 14, an shawarci mai niyyar almajiranci ya zauna ya yi lissafi tukuna, kada ya fara abin da ba zai iya gamawa ba.

Mabiyan farko sun biya wannan farashi ba tare da rangwame ba. An jefe Istifanas har ya mutu a Urushalima. Riwayar Ikilisiya ta ce Bitrus da Bulus a birnin Rum aka kashe su zamanin sarki Nero. A shekarar 203 kuma aka kashe waɗansu mata biyu, Perpetua da Felicitas, a filin wasa na birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, saboda sun ƙi barin addininsu. Amma a shekarar 313 sarki Kustantin ya ɗage wa Kirista takunkumi, kafin ƙarshen wannan ƙarni kuma addininsu ya zama addinin daula, har al'amari ya juye, ya zama a ƙasashen Turai mutum ba ya hasarar kome don ya ce shi Kirista ne, hasali ma wanda ya ce shi ba Kirista ba ne shi ke hasara. Daga nan tambayar ta taso wadda ta dami masu tunani cikinsu shekaru aru-aru: idan kowa mabiyi ne tun daga haihuwa, ina gicciyen da aka ce a ɗauka?

Ɗan gidan ilimi da wadata

An haifi Bonhoeffer ranar 4 ga Fabrairu, 1906, a birnin Breslau, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan, a gidan da ba a rasa kome ba na ilimi ko na arziki. Mahaifinsa, Karl Bonhoeffer, babban likitan ƙwaƙwalwa ne kuma shaihin malami a jami'ar Barlin. Su takwas ne a wurin iyayensu, shi da 'yar'uwarsa Sabine tagwaye ne. Gidan ba na yawan zuwa majami'a ba ne, saboda haka da yaron ya ce ilimin tauhidi zai karanta, 'yan'uwansa sun yi mamaki, suna ganin ya zaɓi abin da bai kai basirarsa ba. Yana ɗan shekara 21 ya sami digirin dakta a Barlin a 1927, ya yi hidimar shekara guda a majami'ar Jamusawa ta Basilona, sa'an nan a 1930 ya tafi Amurka ƙaro ilimi a birnin Niyok. Abin da ya fi tasiri a zuciyarsa a can bai same shi a aji ba. Wani abokin karatunsa baƙar fata, Frank Fisher, shi ne ya kai shi majami'ar Abyssinian Baptist da ke unguwar Harlem, inda ya koyar da yara ranar Lahadi, ya ga da idonsa irin wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata, ya kuma ji yadda mutanen da ake zalunta suke karanta Linjila suna samun ƙarfin zuciya a cikinta. Ya koma gida da fayafayan waƙoƙinsu na ibada, da kuma wani sabon ido na duban al'amura daga wajen wanda ake dannewa.

Ranar da fitina ta shigo Ikilisiya

Ranar 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya hau mulkin Jamus. Bayan kwana biyu Bonhoeffer ya yi jawabi a gidan rediyo yana gargaɗi cewa shugaban da ya yarda mabiyansa su mai da shi gunki ya zama mai ɓatarwa, kuma an yanke watsa jawabin kafin ya kai ƙarshensa. A cikin watan Afrilu na wannan shekara, lokacin da gwamnati ta fara korar Yahudawa daga ayyukanta, ya rubuta cewa Ikilisiya tana da matakai uku a gabanta idan hukuma ta kauce: ta tambayi hukuma hujjar abin da take yi, ta taimaki waɗanda aka zalunta ko da ba mabiyanta ba ne, idan kuwa abin ya wuce haddi ta tsaya ta hana zaluncin kansa. Yana da shekara 27 sa'ad da ya rubuta wannan, alhali manyan malamai masu furfura suna ta neman hanyar daidaita wa'azinsu da sabon mulki.

Domin kuwa wata ƙungiya ta taso a cikin Ikilisiyar Furotesta mai kiran kanta Kiristan Jamus, wadda ta rataya tutar Nazi, jam'iyyar Hitila, a majami'u, ta nemi a tuɓe duk fasto mai jinin Yahudawa, har waɗansunsu suka nemi a jefar da Tsohon Alkawari ɗungum. Kuma a watan Satumba na 1933 aka naɗa mutuminsu, Ludwig Müller, babban bishop na ƙasa. Waɗanda suka ƙi wannan bidi'a, ƙarƙashin jagorancin Martin Niemöller da shaihin malami Karl Barth, suka taru a garin Barmen a watan Mayu na 1934 suka shelanta cewa Ikilisiya ba ta da ubangiji sai Almasihu, daga nan aka san su da Ikilisiya Mai Shaida.

Adalci ne a faɗa cewa shi kansa Bonhoeffer ya taɓa yin rauni a farkon tafiyar. Mijin tagwaiyarsa, Gerhard Leibholz, yana da jinin Yahudawa, kuma da mahaifinsa ya rasu a 1933 aka roƙi Bonhoeffer ya yi wa'azin jana'iza, sai ya bi shawarar shugabansa na Ikilisiya ya ƙi. Bayan 'yan watanni ya rubuta wa dangin yana neman gafara, yana nadamar tsoron da ya kama shi. Wannan ɗan labari yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa jarumtar da aka gani a ƙarshe koyonta aka yi, ta hanyar faɗuwa da tuba da sake tashi.

Makarantar Finkenwalde da littafin da ya fito daga cikinta

Bayan ya yi hidima a majami'u biyu na Jamusawa a Landan, inda ya ƙulla abota da George Bell, bishop na Chichester, har ma ya sami gayyatar ziyartar Gandhi a Indiya bai samu zuwa ba, sai Ikilisiya Mai Shaida ta kira shi gida a 1935 ya shugabanci makarantar horar da fastoci wadda hukuma ba ta amince da ita ba. Aka kafa ta a Finkenwalde, kusa da birnin Stettin, a wani tsohon gida wanda manoma da jama'ar ƙauyuka suka taimaka wa da kujeru da abinci. Tsarin zaman ya ba ɗalibai mamaki, domin ba su saba da irinsa a Ikilisiyarsu ta Furotesta ba: a fara yini da karatun Zabura da addu'a, kowa ya keɓe rabin sa'a yana tadabburin aya guda, kowa ya sami ɗan'uwan da zai furta wa zunubansa, kuma an hana yin zancen wani ɗan'uwa a bayan idonsa. Daga darussan da ya koyar a nan ne littafinsa ya fito a ƙarshen 1937, mai suna Nachfolge da Jamusanci, wanda duniya ta sani a yau da sunan tsadar almajiranci.

Jigon littafin shi ne bambanci tsakanin abin da ya kira alheri mai araha da alheri mai tsada, kuma sai an san aƙidar Furotesta kafin a gane inda ya dosa. Martin Luther, wanda ya tayar da gyaran Ikilisiya a 1517, ya koyar da cewa mutum ba ya sayen tsira da ayyukansa, kyauta ce daga Allah wadda ake karɓa ta wurin bangaskiya. Bonhoeffer bai musa wannan ba ko kaɗan, shi ma a kanta ya tsaya. Abin da ya gani shi ne mutanensa sun karɓi wannan aƙida sun mai da ita lasisin zama yadda suke, suna cewa tun da an riga an gafarta, babu bukatar tuba ta gaskiya, babu bukatar canza hali, babu bukatar saɓa wa duniya a cikin kome. Ya tunatar da su cewa Luther bai kai ga wannan magana ba sai bayan shekaru na zuhudu da mujahada a gidan sufaye, bayan ya bar kome ya ga cewa ko barin kome bai isa ba. Saboda haka maganar a bakinsa ƙarshen doguwar tafiya ce, amma a bakin magadansa ta zama dalilin ƙin fara tafiyar. Misalin wannan kamar tsohon malami ne wanda ya shekara arba'in yana bin littattafai, aka yi masa tambaya ya ce Allah ne masani, da kuma yaron da aka ba allo yau ya ajiye shi ya ce Allah ne masani don kada ya yi karatu. Lafazin ɗaya ne, amma na farko tawali'u ne, na biyu kuwa lalaci.

Alheri mai tsada, a bayaninsa, kyauta ce har yanzu, amma kyautar da ke kama wanda ya karɓe ta ta ɗora shi a kan hanya. Tana da tsada domin tana neman rayuwar mutum gaba ɗaya, kuma a aƙidar Kirista tana da tsada domin Almasihu da ransa ya biya ta. Saboda haka ya ɗaure imani da biyayya wuri guda, ya ce ba a samun ɗaya ba tare da ɗayan ba, kuma wanda ke kukan cewa imaninsa ya yi rauni ya duba ko akwai umurnin da ya sani sarai amma ya ƙi bi. Babban kashi na littafin sharhi ne a kan wa'azin da Almasihu ya yi a kan dutse, wanda ke cikin Linjilar Matiyu, sura ta 5 zuwa ta 7, inda aka yi umurni da son maƙiyi, da barin ramuwa, da gaskiyar magana, da ɓoye sadaka da addu'a don gudun riya. Malamai da yawa sun saba yi wa waɗannan umurnai tawili, suna cewa an kawo su ne don a nuna wa mutum gajiyawarsa kawai. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa an kawo su ne don a aikata. Tare da haka ya yi kashedi cewa gicciye ba wahalar da mutum ke ƙirƙiro wa kansa ba ce don a gan shi, kuma ba kowace masifa ta rayuwa ba ce, illa dai wahalar da ke zuwa wa mutum saboda ya tsaya a kan amana.

Kafin littafin ya fito daga maɗaba'a, 'yan sandan ciki na Gestapo sun rufe makarantar a watan Satumba na 1937, kuma kafin ƙarshen shekarar an kama tsofaffin ɗalibansa 27. Tun a 1936 an riga an ƙwace masa izinin koyarwa a jami'ar Barlin. Daga baya aka hana shi zama a birnin, a 1940 aka hana shi magana a bainar jama'a, a 1941 aka hana shi buga rubutu. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, lokacin da aka ƙone majami'un Yahudawa a faɗin Jamus, yawancin Ikilisiya, har da Mai Shaida, ta yi shiru. Shi kuwa ya rubuta kwanan watan a gefen Zabura ta 74 cikin Littafinsa Mai Tsarki, daidai inda ake maganar ƙone wuraren ibada.

Ƙofar da aka buɗe masa ya ƙi fita

Idan ana son a san nauyin sadaukarwar mutum, sai a duba ko yana da mafita a lokacin da ya yi ta, domin wanda bala'i ya rutsa da shi ba da zaɓinsa ba yana da ladan haƙuri, amma wanda aka buɗe wa ƙofa ya komo da ƙafarsa yana da wani matsayi dabam. A 1939 lokacin kiransa aikin soja ya gabato, kuma ya san ba zai iya rantsuwar biyayya ga Hitila ya ɗauki bindiga a yaƙin zalunci ba, ya kuma san ƙin yin haka hukuncinsa kisa ne, zai kuma jawo wa 'yan'uwansa fastoci fushin hukuma. Abokansa na Amurka, cikinsu har da Reinhold Niebuhr, suka shirya masa aikin koyarwa, ya isa Niyok a watan Yuni, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Babu wanda zai zarge shi da ya zauna, tun da yake manyan masana da yawa na Jamus sun riga sun yi hijira, har tagwaiyarsa da mijinta suna Ingila. Amma zuciyarsa ta ƙi natsuwa, bai cika wata guda ba ya shiga jirgin ruwa ya juyo, bayan ya bayyana wa Niebuhr cewa zuwansa kuskure ne, kuma ba shi da hakkin sa hannu a gyaran addini a Jamus bayan yaƙi idan bai sha wahalar wannan lokaci tare da mutanensa ba. Ya komo a watan Yuli. Ranar 1 ga Satumba yaƙi ya ɓarke.

Mas'ala mai wuyar fatawa

A nan labarin ya shiga wani kwazazzabo wanda malaman Kirista ba su gama muhawara a kansa ba har yau. Mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, lauya ne a hukumar leƙen asirin soja, wadda shugabanta Admiral Wilhelm Canaris da Janar Hans Oster suke cikin masu shirin kawar da Hitila a ɓoye, kuma ta bakinsa Bonhoeffer ya san irin kisan da ake yi wa Yahudawa da sauran bayin Allah, abin da yawancin Jamusawa ba su sani ba ko ba su so su sani ba. A 1940 ya shiga wannan hukuma, a zahiri ma'aikacin gwamnati, a baɗini manzon masu juyin mulki. A watan Mayu na 1942 ya sadu da bishop Bell a ƙasar Suwidin, ya ba shi labarin shirin don ya isar wa gwamnatin Ingila, wadda ba ta ba da amsar ƙarfafawa ba. A wannan shekara kuma ya taimaka wajen tsallakar da mutum 14, masu jinin Yahudawa da iyalansu, zuwa Suwizalan da sunan ma'aikatan hukumar.

To, ta yaya mutumin da ya koyar da son maƙiyi, wanda a 1934 ya tsaya a wani taron Ikilisiyoyi a Fanö yana kira ga zaman lafiya, zai haɗa kai da masu shirin kisa, ya kuma rayu cikin ɓoye gaskiya ga hukuma? Shi bai ɗauki makami ba, amma ya san abin da ake ƙullawa kuma ya yarda da shi. Abin lura shi ne bai taɓa ba kansa fatawar cewa hannunsa tsarkakakke ne ba. A cikin littafin da yake rubutawa kan ɗa'a, wanda bai samu kammalawa ba, ya bayyana cewa akwai lokacin da duk hanyar da mutum ya bi akwai laifi a cikinta, kuma wanda ya naɗe hannu don ya kare tsarkin kansa alhali ana hallaka maƙwabcinsa, shi ma ya ɗauki laifi, watakila mafi girma. Saboda haka mai amana ya yi abin da larura ta wajabta, ya amsa laifinsa, ya bar hukunci ga Allah yana fatan rahamarsa. Mai karatu yana iya yarda da wannan ijtihadi ko ya ƙi shi, amma ba zai ce mai shi ya nemi sauƙi ba, domin abin da ya sadaukar a nan shi ne abin da malami ya fi ƙauna, watau kyakkyawan sunansa a wurin 'yan'uwansa masu addini.

Kurkuku da igiya

A watan Janairu na 1943 aka yi masa baiko da Maria von Wedemeyer, budurwa 'yar shekara 18. Ranar 5 ga Afrilu aka kama shi, aka tsare shi a kurkukun soja na Tegel a Barlin har wata goma sha takwas. A can ya zama fasto ga fursunoni da masu gadi baki ɗaya, yana kwantar musu da hankali a dararen da jiragen sama ke ruwan bama-bamai, har waɗansu masu gadin suka riƙa fitar masa da wasiƙu a ɓoye zuwa ga amininsa Eberhard Bethge, wanda ya tattara su ya buga a 1951. A cikin waɗannan wasiƙu bai ɓoye kewa da shakka da kaɗaicin da ke damunsa ba, kuma a nan ne ya kai ga cewa Ikilisiya ba ta cancanci sunanta ba sai idan don waɗansu take raye.

Ranar 20 ga Yuli, 1944, bam ɗin da ɗaya daga cikin masu shirin juyin mulkin, Kanar Stauffenberg, ya dasa ya tashi amma Hitila ya tsira, kuma a watan Satumba aka gano takardun sirri da suka tona asirin ƙungiyar su Dohnanyi. Wani mai gadi ya shirya fitar da Bonhoeffer cikin kayan leburori su ɓuya, har an tanadi kayan. Amma da aka kama wansa Klaus, sai ya fasa, don kada gudunsa ya jawo wa iyayensa da 'yan'uwansa azaba. Wannan ita ce ƙofa ta biyu da ya rufe da hannunsa. Aka mai da shi kurkukun Gestapo a watan Oktoba, daga nan zuwa sansanin Buchenwald a Fabrairun 1945. Ranar Lahadi, 8 ga Afrilu, a wata makaranta a ƙauyen Schönberg inda aka sauke fursunoni, 'yan'uwansa na ɗauri suka roƙe shi ya yi musu sujada. Yana gamawa aka zo aka kira shi, ya bar wa wani hafsan Ingila mai suna Payne Best saƙon ban kwana zuwa ga bishop Bell. A daren aka yi musu shari'ar jeka-na-yi-ka a sansanin Flossenbürg, da asubahin 9 ga Afrilu aka rataye shi tare da Canaris da Oster da waɗansu, aka ƙone gawarwakinsu, shi ya sa ba shi da kabari. Bayan mako biyu sojojin Amurka suka iso sansanin, bayan mako uku Hitila ya kashe kansa. Gidan Bonhoeffer ya rasa maza huɗu a cikin wannan wata: Dietrich, da Klaus, da surukai biyu, Dohnanyi da Rüdiger Schleicher.

Ko bayan yaƙi, shugabannin Ikilisiyarsa da yawa sun yi jinkirin kiransa shahidi, suna ganin ɗan siyasa ne ya mutu a kan cin amanar ƙasa. Sannu a hankali ra'ayi ya juya, har a 1998 aka kafa siffarsa a saman ƙofar majami'ar Westminster ta Landan cikin shahidai goma na ƙarni na ashirin, tare da Martin Luther King na Amurka, da Oscar Romero na El Salvador, da 'yan Afirka biyu: Manche Masemola, yarinyar Afirka ta Kudu, da babban bishop Janani Luwum na Yuganda, wanda aka kashe a 1977 zamanin Idi Amin bayan ya ƙalubalanci kisan gillar da ake yi wa jama'a.

Abin da ya rage wa mai karatu

Wanda ya dubi wannan tarihi da idon basira zai ga cewa igiyar Flossenbürg ita ce biyan ƙarshe na bashin da aka daɗe ana biya kaɗan-kaɗan: an fara da kujerar jami'a, aka bi da 'yancin magana da na alƙalami, aka bi da mafakar Amurka, da aure, da kyakkyawan suna, sa'an nan rai, kuma da ya ƙi biyan na farko, da bai sami ƙarfin biyan na ƙarshe ba. Zai kuma ga cewa wannan mutum bai nemi mutuwa ba, yana son kiɗa da karatu da zama cikin dangi, yana shirin aure, yana fatan ganin bayan yaƙi. Sadaukarwa ta gaskiya ta mai son rai ce wanda ya sami abin da ya fi rai daraja a wurinsa, ba ta wanda ya raina ransa da na mutane ba. Mafi girma duka, waɗanda ya fara tsayawa dominsu Yahudawa ne, mutanen da ba addininsu ɗaya ba, a lokacin da tsaya musu ba ya jawo kome sai hasara.

Yawancinmu ba za a taɓa neman ranmu a kan abin da muka gaskata ba, amma babu makon da zai wuce ba a nemi wani abu ƙasa da haka ba: a kasuwa wajen mudu da sikeli, a ofis wajen sa hannu a takardar da aka san ƙarya ce, a unguwa sa'ad da ake zaluntar maƙwabcin da ba ya sallah ko sujada inda muke yi, kowa kuma ya yi shiru. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma addinin da bai taɓa sa mai shi ya yi hasarar ko kwabo ba, ko ya rasa yardar wani babba, ko ya haɗiye son zuciyarsa, ya cancanci mai shi ya zauna ya bincike shi. Saboda haka, ya kai mai karatu, Kirista kake ko Musulmi, kada ka jira ranar babbar jarrabawa kafin ka san nauyin imaninka. Fara biyan ƙaramin farashin da ke gabanka yau, domin wanda ya saba guje wa ƙaramin ba zai tsaya wa babban ba.